Tsufa a karkarar Mayo-Oulo: me ya sa nauyin ya fi faɗawa kan mata?

Mayo-Oulo ƙaramar hukuma ce a gundumar Mayo-Louti, cikin jihar Arewa ta Kamaru wadda Garwa ke zaman babban birninta. Hedkwatar gundumar tana Guider, kuma ta yamma yankin ya yi iyaka da jihar Adamawa ta Najeriya, ta wajen Mubi. Fali da Daba da Gude da Fulani da Hausawa ne ke zaune a cikinsa, Fulatanci kuma shi ne harshen da ya fi haɗa su a kasuwa. Yawancin jama'a manoma ne na gyaɗa da dawa da masara da wake da auduga, tare da kiwo da fatauci tsakanin ƙasashen biyu.

A irin wannan karkara, namiji da mace ba sa shiga tsufa da guzuri iri ɗaya. Galibi namiji yakan tsufa a gidansa, da matarsa, da gonarsa. Mace kuwa sau da yawa takan kai wannan lokaci mijinta ya riga ya rasu, ba ta da gona da sunanta, ba ta da fansho, abincinta da maganinta suna hannun 'ya'yan da wasunsu sun tafi nema nesa. Wannan bayani ya duba inda bambancin ya samo asali, da abin da addini da doka suka tanada, da hanyoyin da iyali za su bi don rage shi.

Wane ne tsoho a lissafin hukuma?

Kamaru, kamar Majalisar Ɗinkin Duniya, tana lissafa mutum cikin tsofaffi daga shekara 60. Ƙidayar jama'a ta 2005, wadda hukumar BUCREP ta gudanar, ta samu mutum miliyan 17 da kusan rabi a ƙasar. Kimanin 870,000 daga cikinsu, wato kashi 5 cikin 100, sun kai shekara 60 ko sun wuce. Mata sun ɗan fi maza yawa a cikinsu, kuma mafi yawansu a karkara suke.

A ƙauye ba a cika auna tsufa da shekaru ba, tun da da yawa daga cikin dattawa ba su da takardar haihuwa. Ana ce wa mace tsohuwa idan ta daina haihuwa, ta aurar da 'ya'ya, ta ga jikoki. Ana ce wa namiji tsoho idan fartanya ta gagare shi, ya miƙa wa 'ya'yansa gona. Saboda haka macen da aka aurar tun tana ƙarama tana iya zama kaka tun kafin ta cika shekara 45, ta ɗauki matsayin tsohuwa alhali hukuma ba ta sa ta cikin wannan rukuni ba.

Dalilin da ya sa matan mamata suka fi yawa

Abu na farko na halitta ne: kusan ko'ina a duniya mata sun fi maza tsawon rai da 'yan shekaru. Abu na biyu, wanda ya fi tasiri a arewacin Kamaru, shi ne tazarar shekaru tsakanin miji da mata. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin 100 na matan Kamaru masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kuma a jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, abin ya fi haka yawa.

Lissafin a fili yake. Idan mai shekara 30 ya auri 'yar shekara 17, ranar da ya kai 70 ita tana 57. Idan ya ƙara aure yana da shekara 45 ya ɗauko 'yar shekara 20, rasuwarsa a shekara 70 za ta bar mata biyu cikin takaba, ɗaya tana 57, ɗaya tana 45, wataƙila da ƙananan yara a hannunta. Mutuwar namiji ɗaya ke nan ta samar da matan mamaci biyu ko uku.

Abu na uku shi ne sake aure. Dattijon da matarsa ta rasu ba ya daɗewa bai yi wani aure ba, in ma ba shi da wata matar a gida tun da farko. Bazawarar da ta wuce shekarun haihuwa kuwa ba ta cika samun manemi ba, wata ma ita ce ke ƙi don kada ta bar 'ya'yanta da ɗakinta. Wannan ne ya sa a kowace unguwa za a samu tsofaffin mata da yawa marasa miji, amma tsoffin maza marasa mata ƙalilan ne. Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙiyasta matan da mazansu suka rasu a duniya da miliyan 258, kuma ta ware ranar 23 ga Yuni ta kowace shekara domin su.

Tafiyar matasa

Tsarin da ya saba riƙe tsofaffi shi ne gandu: uba da 'ya'yansa maza suna noma gona ɗaya, a zuba a rumbu ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya. Ƙarancin ƙasar noma a yankunan duwatsu da neman kuɗin hannu sun raunana wannan tsari. Tun daga shekarun 1970 manoma daga Arewa Mai Nisa da arewacin jihar Arewa ke gangarawa kwarin Binuwai neman sabuwar ƙasa, kuma gina madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982, ya ƙara jan mutane can. A yau samari na tafiya Garwa da Ngaundere da Yawunde da Duwala, ko su tsallaka Mubi da Yola, suna acaɓa ko dako ko ƙaramin kasuwanci.

Maza ne suka fi tafiya, kuma a al'adar yankin su ne ake sa ran za su riƙe iyaye, domin 'ya mace gidan wani take zuwa. Abin da ke saura a ƙauye shi ne tsofaffi da matan aure da yara. Sau da yawa kaka ce ke riƙon jikokin da iyayensu suka tafi ko suka rabu ko suka rasu. Jikan na ɗebe mata kewa, yana ɗebo mata ruwa, amma cinsa da suturarsa da kuɗin makarantarsa suna kanta idan aike ya yanke.

Ga Hausawa da sauran masu dangi a ƙetaren iyaka akwai ƙarin matsala. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, fatauci da zumunci sun yi wuya. Faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta sa kuɗin da ɗa ke aiko wa mahaifiyarsa daga Mubi ko Kano ya ragu ƙwarai idan aka canza shi zuwa sefa. Rashin tsaro ma ya taɓa yankin: da mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, dubban mutane sun tsallako zuwa Mayo-Louti da maƙwabtanta. A kowane gudun hijira, tsoho da tsohuwa ne ke kasa tafiya mai nisa.

Gona da gādo

A ƙarƙashin dokar filaye ta 6 ga Yulin 1974, ƙasar da ba a yi mata takardar mallaka ba tana cikin dukiyar ƙasa. Yawancin gonakin karkara ba su da wannan takarda, don haka a aikace lamiɗo da lawan da jauro da shugabannin iyali ne ke tabbatar da wanda ke da ikon noma wace gona. Mace takan sami gayauna ne ta hannun miji ko uba ko ɗan'uwa. Idan mijin ya rasu, ci gaba da noman wannan gayauna ya dogara da ko tana da ɗa namiji babba, da kuma yadda take zaune da dangin mijin.

Haka abin yake a noman auduga. Kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 kuma hedkwatarsa ke Garwa, yana ba da iri da taki da maganin ƙwari bashi ta hanyar ƙungiyoyin manoma, a cire kuɗin bayan an auna auduga. Mai gida ne yawanci ke cikin ƙungiyar, shi ke karɓar kuɗin, ko da matansa sun yi shuka da cira tare da shi.

Ga iyalan Musulmi, rabon gādo a bayyane yake cikin Suratun Nisa'i. Matar mamaci tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan mijin ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba, bayan an biya bashi an cika wasiyya. Idan matan sun fi ɗaya, wannan kason ne za su raba. Misali, in abin da ya rage sefa 800,000 ne kuma akwai 'ya'ya, tumunin takaba sefa 100,000 ne, mata biyu kowace ta tashi da 50,000. Uwar mamaci tana da sudusi idan ɗanta ya bar 'ya'ya. 'Ya mace tana da rabin kason ɗa namiji, kuma kasonta ya shafi gona da gida kamar yadda ya shafi kuɗi da dabbobi. Shari'a ta ɗora ciyar da iyaye mabuƙata a kan 'ya'yansu masu hali.

Matsalar tana wajen aiwatarwa. A gidaje da yawa ba a raba gona, sai a bar ta hannun babban ɗa da sunan kada gida ya watse, a ba mata ɗan kuɗi ko a yi shiru. Wata kuma kunya ke hana ta tambaya, don kada a ce ta kai 'yan'uwanta gaban alƙali. Wadda ba ta haihu ba, ko ta haifi mata zalla, ita ta fi shiga haɗari: tana gama takabar wata huɗu da kwana goma sai ta ga ba ta da wurin zama sai gidan wani ɗan'uwa. A cikin al'ummomin da ke bin al'adar gargajiya, inda ƙasa ke bin jinin uba, matsayin matar mamaci ya fi dogara ga yardar dangin miji.

Abin da dokar Kamaru ta ce

Gabatarwar kundin tsarin mulki na 1996 ta ambaci mata da tsofaffi cikin waɗanda ƙasa ta ɗauki alkawarin karewa. Dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta 29 ga Yunin 1981, a sashe na 77, ta ce magadan miji ba su da wani iko a kan matar da ya bari, ko 'yancinta, ko kason dukiyarta, kuma tana iya sake aure bayan kwana 180 ba tare da wani ya nemi a mayar masa da sadaki ba. A 1993 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa al'adar da ke hana 'ya mace mai aure gādon mahaifinta ta saɓa wa doka. Kundin hukunta laifuffuka na 12 ga Yulin 2016 ya sa korar mutum daga gidan aurensa ba bisa ƙa'ida ba cikin laifuffuka, hukuncin kuma ya fi tsanani idan wani ne daban, ba mijin ko matar ba, ya yi korar.

Kamaru ta kuma amince da yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka, wadda sassanta na 20 da 21 da 22 suka yi magana kan matan mamata da gādo da tsofaffin mata. A Janairun 2016 Tarayyar Afirka ta zartar da wata yarjejeniyar ta musamman kan haƙƙin tsofaffi.

Duk waɗannan suna aiki ne ga wadda ke da takarda. Auren da aka ɗaura a masallaci ko coci ko gaban dangi, ba a rubuta shi a ofishin magajin gari ba, yana da wuyar tabbatarwa a gaban kotu ko asusun fansho. Wannan ne ya sa ma'aikatar kula da mata da iyali ke shirya bukukuwan rajistar aure na jama'a da yawa a lokaci ɗaya.

Fansho da tallafi

Asusun CNPS, wanda aka kafa a 1967, yana biyan fanshon tsufa daga shekara 60 ga wanda ya yi zubi na aƙalla wata 180. Idan mai fansho ya rasu, matarsa tana da rabin fanshon, in sun fi ɗaya su raba daidai. Amma asusun ya ginu ne kan masu albashi, waɗanda 'yan kaɗan ne a karkara kuma yawancinsu maza. Tun 2014 an buɗe ƙofar zubin ganin dama ga manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, inda mutum ke biyan kashi 8.4 cikin 100 na kuɗin shigar da ya bayyana. Wannan zai amfani masu ƙarfi a jika a yau idan sun fara da wuri. Wadda ta riga ta kai shekara 65 ba ta taɓa zubi ba, ba ta da rabo a ciki.

Shirin tallafin marasa ƙarfi da gwamnati ta fara a 2013 da taimakon Bankin Duniya yana ba gidajen da aka zaɓa kuɗi na ɗan lokaci, bisa talaucin gida gaba ɗaya. Talaucin kuwa ya yi katutu a arewa: binciken gidaje na 2014 ya samu kashi 67.9 cikin 100 na mutanen jihar Arewa cikin talauci, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37.5 ne. Kamaru ba ta da fanshon da ake ba kowane tsoho saboda shekarunsa kawai. Wasu ƙasashe da yankunan Afirka suna da shi: Botswana tun 1996 daga shekara 65, Lesotho tun 2004 daga shekara 70, Zanzibar tun 2016 daga shekara 70. Irin wannan fansho ya fi kai wa ga mata, domin ba ya tambayar aikin albashi ko takardar aure.

Abin da ke riƙe tsofaffin mata a zahiri shi ne sana'ar hannu da zumunci: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawa, ƙosai, kiwon awaki da kaji, adashi, zakkar amfanin gona lokacin kaka, da kwanon tuwon da maƙwabta ke aikowa. Lokacin da ya fi tsanani shi ne tsakiyar damina, Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sabon amfani bai nuna ba.

Lafiya

Cututtukan da suka fi damun tsofaffi su ne hawan jini da ciwon suga da ciwon gaɓoɓi da yanar ido da raunin ji. Hawan jini ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna, shi ya sa shanyewar ɓarin jiki kan zo wa iyali ba zato. Mata suna ɗauke da ƙarin nauyi: haihuwa da yawa kusa da kusa, shekaru na ɗaukar ruwa da itace a ka, da hayaƙin murhu da ke cin huhu da ido. Ciwon idon da likitoci ke kira tarakoma, wanda ke lanƙwasa gashin ido ciki har ya goge ƙwayar, ya daɗe a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce makantar da yake jawowa na iya kama mata har ninki huɗu fiye da maza, saboda su ke jinyar yaran da ke ɗauke da shi. Shi da yanar ido duka ana gyara su da ƙaramin aiki idan an je da wuri.

Ruwan sha ma batun tsofaffi ne. Annobar kwalara da ta bazu a jihar Arewa a 2018 ta fara bayyana ne a yankin kiwon lafiya na Mayo-Oulo cikin watan Mayu. Tsohuwar da ba ta iya zuwa famfo mai nisa takan sha na rafin da ya fi kusa, kuma gudawa na saurin kayar da mai shekaru.

Tallafin lafiya na gwamnati ya fi karkata ga masu ciki da ƙananan yara. Takardar lafiyar masu ciki ta sefa 6,000 ta fara aiki a jihohin arewa, sannan kashin farko na shirin lafiya ga kowa, wanda aka ƙaddamar a Afrilun 2023, ya haɗa da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu tarin fuka da masu ƙanjamau da masu wankin ƙoda. Maganin hawan jini da na suga, waɗanda ake sha kullum har ƙarshen rai, daga aljihun iyali suke fita.

Akwai kuma cutar da asibiti ba ya gani. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, ko wadda ruɗewar tsufa ta sa tana magana ba kan gado, ita ce ta fi saurin shan zargin maita idan yaro ya yi rashin lafiya a unguwa. A arewacin Ghana irin wannan zargi ya kai ga samun matsugunai kamar na Gambaga, inda matan da aka kora ke fakewa. Mantuwa da ruɗewa a tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, mai shi kulawa yake buƙata.

Tsofaffin maza

Maza ma suna da nasu. Dattijon da ya yi aure a makare yakan kai shekara 70 da 'ya'yan firamare a gabansa, ga ƙarfi ya ƙare. Wanda 'ya'yansa suka fita daga gandu ya rasa hannun noma, ya rasa faɗa a ji. Wanda ya rasa mata kuma ba shi da halin wani aure yakan fi tsohuwa shiga wahala ta wajen abinci da tsafta, domin bai saba da murhu ba, ba shi kuma da ƙawayen biki da suna irin nata. Sai dai yawanci gida da gona suna nan da sunansa, kuma masallaci da majalisa suna ba shi wurin zama cikin mutane.

Matakan da iyali za su iya ɗauka

Na farko shi ne takardu, tun kowa na da rai. A yi rajistar aure a ofishin magajin gari. Wanda ba shi da takardar haihuwa ya nemi hukuncin kotu da ke maye gurbinta, domin sai da ita ake samun katin ɗan ƙasa. Idan an yi rasuwa a karɓi takardar mutuwa da wuri, a yi taron dangi a rubuta abin da aka amince, a kai kotu ta tabbatar da magada. Wadda aka auro daga ƙetaren iyaka ta adana takardun ƙasarta da na aurenta wuri ɗaya.

Na biyu, a raba gādo da zarar an gama biyan bashi, a gaban malami ko alƙali da shaidu, a faɗi kason kowace mace a gona da gida. Mai gidan da ya ba matarsa gayauna ko ɗaki kyauta ya yi haka a gaban jauro ko mai unguwa, a rubuta.

Na uku, 'ya'yan da ke nesa su tsayar da abin da kowa zai riƙa aikowa da lokacinsa, a fi ba da ƙarfi a watannin damina, kuɗin kuma ya shiga hannun tsohuwar ko wanda ita ta zaɓa. A riƙa kai iyaye awon jini da duba ido a cibiyar lafiya mafi kusa ko asibitin Mayo-Oulo ko na Guider, ko da ba su ce komai na damunsu ba.

Idan an kori matar mamaci daga gida ko an hana ta kasonta, ana iya fara kai kuka wurin Sarkin Hausawa ko jauro ko limami. In ba a daidaita ba, akwai ofishin jin daɗin jama'a da wakilan ma'aikatar mata da iyali, sannan kotu. Ranar 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya, da ranar 23 ga Yuni, lokuta ne da waɗannan ofisoshi ke shirya taruka, kuma ƙungiyoyin unguwa na iya amfani da su wajen gabatar da sunayen tsofaffin da ba su da mai kula da su.